Ɗakin haske a zauren Bukoki: littafin aiki

Asabar, 9 ga Nuwamba 2024

Wuri ya samu. Zaure ne na wani tsohon gidan ƙasa a Bukoki, mallakar wani dattijo ɗan Adar da ya ƙare ƙuruciyarsa yana sauke albasar Galmi a kasuwannin Yamai. Ya ba mu aro har bayan azumi, bai karɓi ko dala ba. Sharaɗinsa ɗaya, kada a toshe wa mutanen gida hanya. Tsawon zauren mita biyar, faɗinsa uku da ɗan ɗori. Rufin azara ne, ƙofar waje da ta cikin gida ba sa kallon juna, sai wata ƴar taga a bangon yamma, can sama kusa da rufi, wadda ko kan yaro ba zai shiga ba. A bangon kudu akwai alkuki, har yanzu baƙin hayaƙin aci-bal-bal na nan a samansa.

Abin da nake son sawa a ciki kaɗan ne. Ba zane a bango, ba sassaƙa a ƙasa. Dogayen ƙwayayen neyon huɗu irin na shaguna, sai ɗakin kansa. Mutum ya shigo, ya zauna a tabarma, ya kalli yadda haske ke zama a jikin bango daga la'asar sakaliya zuwa lisha.

Wanda ya buɗe wannan hanya Dan Flavin ne, Ba'amurke, an haife shi a 1933, ya rasu a 1996. Ranar 25 ga Mayu 1963 ya kafa ƙwan neyon rawaya mai tsawon ƙafa takwas a karkace jikin bangon ɗakin aikinsa, ya sa wa aikin sunan wannan rana, ya sadaukar da shi ga masassaƙi Constantin Brancusi. Daga nan har ƙarshen ransa da waɗannan ƙwayaye ya gina manyan ayyukansa. Tsawonsu iri huɗu ne, ƙafa biyu, huɗu, shida da takwas, launinsu kuma bai wuce goma ba, huɗu daga ciki farare ne da suka bambanta kaɗan. Shi da abokinsa Donald Judd ake jingina wa salon minimalizim, wato rage aiki har sai abin da ya zama dole kaɗai ya saura, ko da yake dukansu ba su so a kira su da shi ba. Abin da ya kama ni tun ranar da na fara ganin hotunan aikinsa shi ne babu ɓoyo a ciki. Kayan da kowa ke saye a kanti ne, ga waya, ga ƙusa, duk a fili. Shekaru ina koya wa yara zane a kwaleji, ina ce musu a ƙara nan, a cike can. Yanzu ina son in ga iya abin da za a cire aiki ya tsaya da ƙafarsa.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Mun wuni a kasuwar Katako ni da ƙanena, ɗan kawuna, wanda gyaran kuran ne sana'arsa. Neyon na gaske yana ƙarewa a kasuwa. Shago bayan shago sai a miƙo mana na LED, masu siffar neyon amma jikinsu roba. Sun fi arha wajen shan wuta, na santimita 120 wat 18 yake ci, tsohon kuwa 36, ban da abin da balas, ƴar na'urar da ke daidaita masa wuta, ke ci. Babu mai hankalin da zai ga laifin mai shago ko mai gida da ya koma wa sabon.

Sai dai haskensu ba ɗaya ba ne, kuma wannan aiki a kan bambancin ya dogara. Tsohon ƙwai gilashi ne da ɗan tururin zaiba a ciki. In wuta ta bi ta cikinsa sai ya fid da wani haske da ido ba ya gani, farar hodar da aka shafe cikin gilashin ita ke juya shi ya zama wanda ake gani. Don haka duk jikinsa ke haskawa, gaba da baya da gefe. Na LED kuwa ƴan ƙananan idanu ne a jere a kan layi ɗaya, gaba suke kallo, bayansu duhu. In ka jingina shi a kusurwa, bangon da ke bayansa ba ya samun komai.

Wannan zaibar ce ke kashe kasuwarsa. Tarayyar Turai ta hana shigar da irin waɗannan ƙwayaye kasuwanninta tun 2023, kuma ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Minamata ta rage amfani da zaiba sun amince a daina ƙera su zuwa ƙarshen 2027. Kayan da Flavin ya zaɓa don ana samunsu a kowane lungu, yau sun zama abin tanadi. A ƙarshe wani Alhaji a can cikin kasuwa ya sa yaronsa ya hau sama ya sauko da kwali mai ƙura. Yawancinsu farin nan ne mai sanyi mai ɗan shuɗi, lamba 865, wanda ya cika garin nan. Cikin sa'a akwai biyu masu lamba 830, farin da ya karkata ga rawaya. Mun kwashe duka biyun, muka haɗa da na sanyin.

Ƙanena ya ja mini kunne tun a hanya: «Yaya, in ɗaya ya fashe, a buɗe ƙofofi, a fid da yara, kada a share da tsintsiya.»

Lahadi, 24 ga Nuwamba

An ja waya daga kwantan wutar gida zuwa zaure, cikin bututun roba, ta bin ƙasan azara. Ba mu fasa bango ba. Kan katako muka ɗaure mazaunan ƙwayayen, yadda za a iya matsar da su. Na sa an bar baƙin alkukin yadda yake.

Lahadi, 1 ga Disamba

Gwajin farko, kuma gardamar farko.

Duk hotunan aikin Flavin da na sani a farin bango aka ɗauke su. Farin bango yana mayar da duk launin da ka ba shi, shi ya sa korensa da ruwan hodarsa ke malala har ƙasa. Bangonmu jar ƙasa ce da aka yaɓe da hannu. Na zo da ledoji masu launi irin na fitilun dandamali, na naɗe ƙwai ɗaya da shuɗiya, muka kunna. Bangon ya shanye shi, ya koma toka-toka, ba rai. Koriya ta fi ƙarfi, amma ta mai da yaɓen wani launi mara daɗin kallo. Dalilin a fili yake: jar ƙasa ja da rawaya take mayarwa, shuɗi kuwa haɗiye shi take yi.

Da muka cire ledojin muka kunna mai lamba 830 shi kaɗai, a tsaye a kusurwar arewa maso gabas, tazarar tafin hannu daga bango, sai duk muka yi tsit. Bangon ya yi ja kamar tukunyar da aka fiddo daga wuta yanzu. Saboda hasken a kwance yake bin jikin bango, kowane tudu ya samu inuwarsa. Ga sawun yatsu huɗu na maginin da ya yi yaɓe, a lanƙwashe, layi bisa layi, daga dama zuwa hagu. Ga guntayen ciyawar da aka cuɗa da ƙasa, kowace da ƴar inuwarta. Ga wata tsaga siririya da ta sauko daga gindin azara ta tsaya a tsakiya. Na yi makonni ina shiga zauren nan da rana ban ga ko ɗaya ba.

Wani abokina mai zane, wanda ya yi karatu a waje, ya dage a shafe ɗakin da farar ƙasa. Hujjarsa tana da ƙarfi. Ya ce a wannan salo ba a son sawun hannu, ana son abu ya fito sumul yadda ya fito daga masana'anta, in ka bar yaɓen nan mutane bango za su kalla, su manta da haske. Na ji shi, amma ban yarda ba. Flavin da abin da ya tarar ya yi aiki, farin bangon gidajen nuni da kantin kayan wuta na garinsa. In na shafe wannan bango don ya yi kama da nasa, hoton aikinsa na kwafa, na bar hanyar da ya bi. Abin da na tarar jar ƙasa ce. An ajiye ledojin, farare kaɗai za mu yi amfani da su.

Asabar, 7 ga Disamba

Yau ake rufe babban baje kolin zane-zane na Dakar karo na goma sha biyar, wanda aka ɗage daga Mayu zuwa Nuwamba, ƙarƙashin jagorancin Salimata Diop. Wata guda ina bin hotunansa a waya. Dakar na da nata tun farkon shekarun 1990, Bamako na da taron masu ɗaukar hoto tun 1994. Mu a Yamai muna da masu hannu, wannan ba gardama. Rissa Ixa ya daɗe yana zane, Alphadi ya kai ɗinki har hamadar Tigidit da bikin nuna tufafi na FIMA a 1998, maƙera da dukawa na nan a gidan tarihi na Boubou Hama da ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata. Ga kuma samari da ƴan mata masu zanen bango da masu hoto da ke tasowa.

Abin da ya yi mana ƙaranci wuri ne inda mutum zai gwada abin da ba na sayarwa ba. Shekara da shekaru mai sayen zane a garin nan yawanci baƙo ne, ma'aikacin wata ƙungiya ko ofishin jakadanci, mai son abin da zai naɗe ya sa a akwati. Sai hannu ya saba da raƙumi, da mace mai tulu, da faɗuwar rana a kan kogi. Ban raina mai yin su ba, da su ake ciyar da iyali. Tun 2023 waɗannan baƙin sun ragu ƙwarai, masu zane da yawa sun ji a jikinsu. Amma ina ganin lokaci ne da ya kamata mu tambayi kanmu wa muke yi wa aiki. In amsar ita ce mutanen unguwa, to zaure ya ishe mu. Nan ne dama ake tarbar baƙo tun asali, kowa na da damar shiga ba sai ya ratsa cikin gida ba.

Asabar, 21 ga Disamba

Muna cikin gwaji aka ɗauke wuta. Dole a zauna a yi lissafi.

Kowane ƙwai da balas ɗinsa yana cin kusan wat 45. Huɗu sun kama 180, awa uku sun kama 540. Batirin da ƙanena zai iya samo mana na bolt 12 ne, amfiya 100, wato 1,200 a takarda, amma irin wannan batir in ana son ya yi ƙarko rabinsa kaɗai ake sha. Saura 600, na'urar da ke juya wutar batir ta koma 220 ita ma ta ci nata. Bai kai ba.

Wani da ya zo kallo ya ba ni shawara in bar abin haka, in sa ɗauke wutar ya zama cikin aikin, wai masu baje koli a waje za su so wannan labari. Na ƙi, kuma zan ci gaba da ƙi. Duk wanda ya zauna Yamai daga Agustan 2023, lokacin da aka yanke layin da ke kawo mana wuta daga Najeriya, wanda a da shi ke ɗauke da kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha, ya san duhun nan ba ado ba ne. Teloli sun zauna, masu ƙanƙara sun yi asara, yara sun yi karatu da fitilar waya. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta fara aiki a ƙarshen shekarar ta rage zafi, aka kuma maido da layin a 2024. Ba zan ɗauki wahalar maƙwabtana in mai da ita kayan burge baƙo ba. In na ce wa mutum ya zo ƙarfe biyar da rabi, ya tarar da fitila a kunne.

Flavin bai taɓa wannan lissafi ba, don a wurinsa wuta abu ce da ke nan kullum. Mu kuwa duk ƙwan da na kunna na san a kwantan Baba mai gidan yake hawa. Mun yi da shi zan biya abin da ya ƙaru a takardar wata.

Alhamis, 2 ga Janairu 2025

Hutun makaranta ya kai ni gida Tawa, na ratse Yama da Dandaji.

Masallacin Juma'a na Yama Falke Barmu ya fara gina shi a 1962, aka yi ta ƙari har farkon shekarun 1980, ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Kowa hasumiyoyinsa huɗu yake ɗauka a hoto, waɗanda ba wadda ta yi kama da ƴar'uwarta. Ni cikin ne ya riƙe ni. In ka shigo daga rana ba ka ganin komai, sai ka tsaya. A hankali ginshiƙai su fara fitowa, na kusa tukuna, sannan na bayansu, sannan bakan da ke haɗa su a sama. Hasken da ke shigowa kaɗan ne, ta ƙofofi da ƴan ƙananan kafofi, amma ya isa, don maginin ya bar wa ido lokacin sabawa. A Dandaji kuma Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasa da aka matse a inji, aka gama a 2018. Su ma sun san rana a ƙasar nan tace ta ake yi, ba a buɗe mata ƙofa gaba ɗaya.

A mota na yanke shawara. Ƙwai huɗu sun yi wa zauren yawa, suna korar duhun da shi ne rabin aikin. Uku za a bari: masu ɗumi biyu a tsaye a kusurwa, mai sanyi ɗaya a kwance a ƙasa gindin bangon kudu, ƙarƙashin alkuki. Lissafin batir ma ya daidaita, 405 a awa uku.

Asabar, 18 ga Janairu

Hazo ya sauko sosai makon nan, kuma ya yi mana aiki. Daga ƙarfe biyar rana kan shigo ta ƴar tagar yamma, ƙurar da ke yawo a ɗakin ta fito da ita a miƙe, daga taga har bangon gabas. Haske uku ke nan a ɗaki ɗaya, kowane da launinsa. Sai na rana ya yi ta hawa bango yana siranta har ya ɓace. Bayan nan ne abin da na fi so yake faruwa, wajen shida da rabi zuwa bakwai saura. Ido ya saba da jan bango, sai tagar da ƙofar waje su koma shuɗi mai zurfi, wanda in ka fita ka ɗaga kai ba za ka same shi a sama ba. James Turrell, shi ma Ba'amurke, ya gina ɗakuna da dama a kan wannan dabara: rami a rufi, haske a ciki, mutane su zauna su kalli sama tana sauya launi da almuru. Namu bai wuce minti goma sha biyar ba, kuma ya faɗo daidai da magariba. Ba za mu yi gasa da salla ba. Za a bar fitilu a kunne, wanda ya idar ya dawo ya samu ƙarshensa.

Na kawo wasu ɗalibaina. Shigarsu ke da wuya kowa ya zaro waya. Hotunan suka fito da baƙaƙen layuka a kwance, saboda tsohon balas yana sa ƙwai ƙyaftawa sau ɗari a daƙiƙa, ido ba ya kamawa, waya na kamawa. Wata yarinya ta ce, «Mushe, abin ba ya hoto.» Na ce ta sa wayar a jaka ta zauna tukuna. Ta fi kowa daɗewa, kuma ita ta nuna mini cewa inuwar mutum a ɗakin biyu ce, ɗaya ta karkata ga shuɗi, ɗaya ga ja.

Baba na kan kujerarsa a bakin ƙofa yana kallonmu. Da yara suka tafi ya kira ni.

«Ɗana, wagga fitila taku mi taka haskawa? Ba littahi, ba haja.»

Na ce, «Baba, bangonka take haskawa.»

Ya sa aka kama shi ya shigo. Ya daɗe yana duban sawun yatsun nan, sannan ya faɗi sunan maginin, ya ce mutumin Buza ne, tare suka zo Yamai, ya rasu da daɗewa. Ya ce a kira Hajiya ita ma ta gani.

Lahadi, 26 ga Janairu

An sauya balas zuwa na zamani. Layukan hoto sun tafi, shan wuta ma ya ragu. Ɗan ƙugin da tsohon ke yi shi ma ya tafi, kuma na yi kewarsa, don yana cika ɗakin.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Mun buɗe wa maƙwabta don gwaji, ba sanarwa, baki da baki kawai. Mutum shida ɗakin ke ɗauka a zaune, in sun fi haka jikinsu na tare ƙwan ƙasa. Sauran suka jira a waje, aka ɗora shayi. Wani tela ya ce mai sanyin ya yi yawa, yana kashe jan bango daga gefen kudu. Na duba, gaskiyarsa. Za mu juya fuskarsa ga bango, a bar abin da ya dawo kaɗai. Mata sun ce lokacin ya yi musu daidai da girki, don haka za a ware musu safiyar Lahadi, a rufe tagar da tabarma.

Wani ɗan kasuwa ya tambayi kuɗinsa. Flavin yana sayar da aikinsa tare da takardar shaida mai zanen yadda za a jera ƙwayayen da sa hannunsa, in ƙwai ya mutu a sa wani, takardar ce ke tabbatar da aikin. Namu ba zai sayu haka ba, don in aka raba shi da bangon Baba ƙwayaye uku ne kawai. Na ce masa in yana da zaure ko shago na ƙasa, in zo in duba, a yi wa wurin nasa.

Azumi zai kama a farkon Maris, kuma lokacin shuɗin nan shi ne lokacin buɗa baki, ba wanda zai zo. Don haka buɗewa ga kowa sai dai a mako na ƙarshe na Fabrairu, sannan a koma bayan asham cikin azumi, ba tare da rana ba. Kafin nan akwai sauran aiki: batirin bai iso ba, ana buƙatar katanga ƴar gajeruwa ta itace don kada yara su taka ƙwan ƙasa, kuma masu lamba 830 biyu ne kacal a hannunmu, ba na canji. Ƙanena ya ji labarin wani mai shago a Wadata da ke da ragowar kwali, Litinin zai leƙa.